Yadda ake rufe bututun ƙarƙashin besin domin mai zama a keke, da yadda ake bin sawun yoyo

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rimi ta aiko da tambaya a kan mahaifinsu, wanda ya daɗe yana fama da ciwon suga, kuma ya koma zama a keken guragu tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ta ce sun cire akwatin katakon da ke ƙarƙashin besin ɗin banɗakinsa domin keken ya riƙa shiga, ya wanke hannu ya yi alwala da kansa ba sai ya jira kowa ba. Sai ga shi a makon jiya sun tarar da ƙuna a ƙwaurinsa, shi kuwa bai ma san lokacin da ya ƙone ba. Tana son sanin yadda ake rufe bututun, da ko dole sai an sayo murfi daga waje, da kuma yadda za su gane yoyo bayan an rufe.

Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ya kuma saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi. Kafin maganar famfo, a kai shi asibiti a duba wannan ƙunar idan ba a riga an kai shi ba, domin ƙaramin rauni a ƙafar mai ciwon suga yakan ƙi warkewa har ya rikiɗe ya zama gyambo. Sannan tun yau a leƙa ƙarƙashin besin ɗin, za a ga ƙananan bawul, wato makullan ruwa, guda biyu a jikin bango, ɗaya na ruwan sanyi, ɗaya na ruwan zafi, wanda a bisa ƙa'ida yake hannun hagu. A murɗa na ruwan zafin zuwa dama har ya tsaya, a bar shi a kulle har sai an gama aikin da zan bayyana. Idan Baba yana buƙatar ruwan ɗumi, a sirka masa a buta, wani mai lafiyar hannu ya taɓa ya ji tukuna.

Abin da ya faru da shi sananne ne a wurin duk wanda ya yi aikin famfo a gidajen da ake jinya. Mai lafiya idan ƙafarsa ta taɓa ƙarfe mai zafi, kafin ya yi tunani ya riga ya janye ta. Wanda ciwon suga ya kashe wa jijiyoyin ƙafa, ko wanda ya samu rauni a laka, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ba shi da wannan mai gadin, don haka ƙafar za ta zauna a jikin bututun har ya gama wanke fuska. Ruwa mai zafin digiri 60 a ma'aunin Salshiyas yana ƙona fata ƙuna mai zurfi cikin 'yan daƙiƙoƙi, mai digiri 49 kuwa sai an yi mintuna, amma mai alwala a natse mintunan yake ɗauka. Mutane da yawa suna zaton tiyon da ke kawo ruwan zafi ne kaɗai abin tsoro, alhali bututun da ke fitar da ruwan ya fi shi kusa da gwiwa, kuma idan na ƙarfe ne yana ɗaukar zafin duk abin da aka zuba a besin. Ban da zafi akwai kaifi: bakin zaren noti, da kunnen bawul, da tsinin wayar tiyo idan ta fara warwarewa, duk suna yankar fatar da ta yi laushi. Ko waɗanda shan inna ta taɓa, waɗanda galibi suna jin zafi sarai domin cutar ƙarfin nama take kashewa ba ji ba, sukan kasa janye ƙafar da sauri, saboda haka su ma aikin ya shafe su.

Sai dai murfi shi ne aikin ƙarshe, kuma a nan ne na fi ganin ana kuskure. Abu na farko shi ne awo. Ƙa'idar da aka fi dogara da ita a wannan fanni ta Amurka ce, wadda ta samo asali daga dokarsu ta kare haƙƙin masu naƙasa ta 1990, aka kuma sabunta ma'aunanta a 2010. Ta ce bakin besin kada ya wuce inci 34 daga ƙasa, wato kimanin santimita 86, sararin gwiwa a ƙarƙashinsa kada ya gaza inci 27 a tsaye da inci 30 a faɗi, a kuma bar inci 9 daga ƙasa domin yatsun ƙafa da matakin keke. Ita ce kuma ta wajabta a lulluɓe bututun ruwa da na magudana, ko a tsara su yadda jiki ba zai taɓa su ba, kuma kada a bar wani abu mai kaifi ko kaushi a wurin. Mu ma a nan muna da dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, wa'adin kuwa ya riga ya cika. Wannan ya shafi asibitoci da makarantu da ofisoshi. A gidanku kuwa, ma'aunin da ya fi kowane shi ne Baba kansa a kan kekensa, tare da matashin da yake zama a kai, domin matashi kaɗai yakan ƙara inci biyu ko uku. A tura shi a hankali har hannunsa ya kai kan famfo, a duba inda gwiwarsa da ƙwaurinsa suka tsaya, a yi alama da alli a bango da ƙasa.

Sau da yawa wannan awon zai nuna cewa lanƙwasar nan da muke kira tirap, wadda ke riƙe ɗan ruwa domin ta tare warin magudana da kyankyasai, tana tsakiyar hanyar gwiwa. Idan haka ne, sa mata murfi ƙara mata kauri zai yi, sai ƙafar ta riƙa bugunta kullum har notunan su saki. Gyaran shi ne mai aikin famfo ya karkatar da bututun daga ramin besin zuwa baya, ya manna tirap ɗin kusa da bango gwargwadon iko, ya kuma sauya na ƙarfe da na roba, wanda bai kai shi ɗaukar zafi ba. Bututun besin yawanci inci ɗaya da kwata ne, na wurin wanke-wanken kicin inci ɗaya da rabi, kuma yana da kyau a san wannan kafin a tafi kasuwa. Kada a yarda wani ya ce a cire tirap ɗin gaba ɗaya domin a samu wuri. Ɗakin mara lafiya ne zai cika da wari.

Akwai wani abin da nake so ku duba da kyau, tunda kun ce kun cire akwatin ƙasa. Sau da yawa wannan akwatin, ko ƙafar tangaran da ake sa wa wasu, shi ke ɗauke da nauyin besin ɗin. Mai zama a keke kuwa yakan dafa bakin besin ya jawo kansa gaba ko ya gyara zama. Bangonmu na bulo ne mai rami, kuma ƙananan kusoshi biyu a cikin roba ba za su jure wannan ba. A sa mai walda ya yi masa madogara biyu ta ƙarfe, a goge bakinsu su yi sumul, a cika ramin bulon da kankare a inda za a ɗaure su. Besin da ke motsi ko da kaɗan ne ba ya rabuwa da yoyo, domin kowane motsi yana sauka ne a kan mahaɗar bututu.

Yanzu sai gwajin yoyo, wanda dole a yi shi bututu yana tsirara. Kayan aikin ba su wuce tishu da tocila da busasshen tsumma da tsohuwar jarida ba. A goge komai ya bushe ƙarau, tun daga gindin kan famfo har inda bututu ya shige bango, sannan a shimfiɗa jaridar a ƙasa. Hanyoyin ruwa biyu ne a wurin, kuma halinsu ya bambanta. Ɓangaren da ke kawo ruwa kullum a matse yake, ko an buɗe famfo ko ba a buɗe ba, don haka yoyonsa ba ya hutawa dare da rana. Ɓangaren da ke fitarwa kuwa ba ya zuba sai lokacin da ruwa ke wucewa, shi ya sa yake yaudarar mai aikin da ya buɗe famfo na daƙiƙa goma ya ce lafiya lau.

A fara da ɓangaren shigowa. A naɗa tishu a yatsa, a zagaya da shi gindin kowane bawul, da wuyansa inda ake murɗawa, da bakin tiyon nan mai saƙar waya da muke kira fileksibul, sama da ƙasa. Ido yakan rasa ɗigo a jikin ƙarfe mai sheƙi, amma tishu ba ya rasawa. Da ya taɓa danshi za ki ga ya yi duhu ya manne. A nan Kaduna, inda gidaje da yawa suka dogara da rijiyar burtsatse da tankin sama, ƙarfin ruwa yana bin tsayin tanki da cikarsa, saboda haka a yi gwajin tanki yana cike, kuma idan gidan yana da injin ƙara ƙarfin ruwa a kunna shi. Gidan da ke haɗe da layin ruwan gwamnati kai tsaye, sai a sake dubawa ranar da ruwan ya dawo, domin yakan zo da iska da bugu, kuma a lokacin ne mahaɗa mai rauni take tona kanta. Fileksibul da ya yi tsatsa, ko ya kumbura, ko ya karye a lanƙwasa, a sauya shi kawai. Ba shi da tsada, kuma idan ya tashi lalacewa fashewa yake yi, sau da yawa cikin dare.

Sai ɓangaren fita. A toshe besin, a cika shi har ruwa ya fara shiga ƙaramin ramin nan na sama da ke hana ambaliya, a bar shi minti goma ana haska ƙasansa da tocila. Idan ɗigo ya fito a wannan lokaci, matsalar tana wurin da ƙarfen ramin ya zauna a jikin tangaran, ko a hanyar ramin ambaliyar. Daga nan a zare matoshin gaba ɗaya, ruwan ya sauka da nauyinsa, a bi kowane noti da tishu tun daga sama zuwa ƙasa. Bin daga sama yana da dalili: ruwa yakan fito a wani wuri ya gangaro a jikin bututu ya ɗiga a wani, sai a yi ta matse notin ƙasa alhali laifin na sama ne. A maimaita sau biyu ko uku, ɗaya da ruwan ɗumi, domin roba tana saki idan ta ji zafi. A ƙarshe a watsa ruwa a saman besin kewaye da gindin famfo, kamar yadda mai alwala zai yi, a duba ko yana tsiyaya ta ramin famfon. Sannan a bar jaridar ta kwana. Tabo ɗaya da safe ya isa a dakatar da sa murfi.

Idan an samu yoyo a notin roba na tirap, kada a ɗauko sifana. Waɗannan notunan zoben roba ne a cikinsu yake tare ruwa, wanda muke kira washa, kuma da hannu ake ɗaure su, sai a ƙara ɗan juyi kaɗan. A kwance, a duba ko washar ta juya baya, ko ta goce, ko ta bushe ta tsage kamar yadda hunturu yake yi wa tsofaffin robobi, a tabbata bututun ya shiga a miƙe ba a karkace ba. Farin tef ɗin da ake naɗawa a zare wurinsa shi ne inda bawul ya shiga bututun bango. Naɗa shi a kan notin da ke da washa ba ya ƙara komai, wani lokaci ma shi ke hana notin zama daidai. Cusa gam ko silikon a wajen mahaɗa mai zuba kuwa jinkirta matsalar ne kawai, kuma yana wahalar da wanda zai kwance gobe.

Game da murfin kansa, ba dole sai na waje ba. Akwai waɗanda ake ƙerawa musamman domin wannan aiki, na farar roba mai laushi, kamar na kamfanonin Truebro da Plumberex a Amurka, suna zuwa gida-gida: na tirap, na bawul mai ɗan marfin da ake buɗewa, da na tiyo. Suna da kyau, suna wankuwa, amma an zuba su ne a kan ƙirar bututun can, wanda tirap ɗinsa lanƙwasa ce, alhali besin da yawa a gidajenmu tirap mai siffar kwalba ne a jikinsu. Wanda zai yi odarsu ya fara tabbatar da ƙira da girman nasa, in ba haka ba ya yi asarar kuɗi.

Abin da na fi yi wa mutane shi ne amfani da baƙin soson nan da masu haɗa na'urar sanyaya ɗaki suke sa wa bututun tagulla. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan firji da na sanyaya ɗaki, ba ya shan ruwa kamar soson katifa, yana tare zafi, yana kuma da taushin da zai kare ƙwauri daga bugu. A nemi mai kaurin rabin inci, a je da guntun bututun domin a gwada faɗinsa. A tsaga shi a tsaye da reza, a sa shi gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa daga noti zuwa noti, ta yadda za a iya cire guda ba tare da an taɓa sauran ba. Tsagar ta kalli bango. A ɗaure da siririyar robar ɗaure waya, a juya kanta baya, a yanke wutsiyarta daf da kai, domin guntun da aka bari yana yanka kamar aska. Na sha ganin an rufe bututu da kyau, sai wannan ɗan tsinin ya zama shi ne ke yayyage ƙafa. Kada a matse har soson ya lotsa. A ƙasan tirap, daidai inda ya fi gangarowa, a huda ƙaramin rami a jikin soson, domin idan yoyo ya fara ruwan ya samu hanyar ɗigowa a gan shi. Kunnen bawul kuwa a yi masa hula da za a zare da hannu ɗaya. Ranar da tiyo ya fashe, ba lokacin neman almakashi ba ne.

Ga mai hali, abin da ya fi tsafta shi ne allo a gaban bututun gaba ɗaya. Kafinta ko mai aikin alminiyam zai yanka farantin roba mai kauri ko wani allo da ruwa ba ya ci, ya kafa shi a karkace, sama ya matso gaba, ƙasa ya koma wajen bango, yana bin alamar allin da aka yi, a kashe kaifin gefunansa, a ɗaure da sukuru huɗu ko maƙalan da ake ɓallewa da hannu. A bar tazara tsakaninsa da ƙasa domin matakin keke ya wuce, iska ta shiga, ɗigo kuma ya bayyana. Falankin da aka matse da garin katako bai dace da wurin ba, yana shan danshi ya kumbura.

Abin da nake roƙo a guje masa shi ne rufewar da ba ta buɗuwa. Na taɓa zuwa wani gida a Kawo inda aka gina wa bututun akwati da bulo aka bi shi da tayil, saboda wani dattijo da ke bugun ƙafa a wurin. Niyyar mai kyau ce, aikin ma ya yi kyan gani. Amma washa ɗaya ta saki a ciki, ba wanda ya sani, sai da fentin ɗakin da ke bayan bangon ya fara ɓarewa, gara ta kama ƙofar banɗakin. Da muka fasa, ƙasan akwatin ya zama taɓo mai wari, kyankyasai sun yi gida, kuma gyaran da bai fi na minti biyar ba ya ci aikin kwana uku. Haka nan naɗa tsumma ko tsohon zane: yana shanye ɗigon ya ɓoye shi, ya yi fumfuna, kuma jiƙaƙƙen tsumma a kan bututu mai zafi shi ma ƙuna yake yi. Robar tayar da ake ɗaure yoyo da ita a unguwa ba ta tare zafi yadda ake zato, kuma ta saba wa mutane da barin yoyo a ɗaure maimakon a gyara shi.

Bayan an sa murfin, a sake cika besin a sake shi, a kuma mayar da jaridar ta kwana, domin wajen cusa soso da ɗaurewa ana iya gusar da noti ba a sani ba. A sake dubawa bayan mako guda, lokacin da keken ya riga ya yi ta shiga da fita. Daga nan sau ɗaya a wata ya wadatar: a shafa hannu a ƙasan murfin, a taɓa ramin da aka huda da tishu, a duba ko akwai farin tabo ko tsatsa a tayil, a kuma murɗa bawul ɗin a rufe a buɗe domin kada ya ƙage. Sau biyu a shekara, da shigowar damina da kuma tsakiyar hunturu, a cire murfin gaba ɗaya a wanke shi da sabulu a duba mahaɗan. A watan Agusta bututun ruwan sanyi yakan yi gumi saboda laimar iska, kuma ana bambance shi da yoyo da cewa gumi yana lulluɓe jikin bututun ko'ina, yoyo kuwa yana da mafari guda. Kada a raina ɗigo. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da sama da galan 3,000 a shekara, wato fiye da lita 11,000, abin da ya haura cikin tanki mai lita 2,000 sau biyar. A banɗakin mara lafiya ma asarar ruwan ce ƙarama, domin jiƙaƙƙen tayil yana sa tayar keke da ƙafar mai ɗaga shi su zame.

Murfi yana kare ƙafa, amma hannun Baba yana cikin ruwan, kuma mai yiwuwa shi ma jinsa ya ragu. Ba a so a rage zafin tukunyar hita ƙasa sosai, domin ruwan da ya kwanta da ɗumi-ɗumi yana raya ƙwayoyin cuta. Abin da ya dace shi ne a sa bawul mai sirka ruwa da kansa kafin famfon, a saita shi kusa da digiri 40. Idan ba a samu ba, a bar layin zafin wannan besin a kulle, ya fi kwanciyar hankali. A lura kuma da watannin Maris da Afrilu, lokacin da bututun da ya bi ta rana daga tanki yake kawo ruwa mai zafin gaske da azahar ko da babu hita a gidan. A saki famfon ya zuba na ɗan lokaci kafin a matso da Baba. A kuma gaya wa yara da masu aiki kada su juye ragowar tafasasshen ruwa a besin ɗin. Idan kan famfon na murɗawa ne, a sauya shi da mai dogon hannu da ake turawa, wanda zai iya buɗewa da hannunsa mai lafiya.

Ranar da mai aikin ya ce ya gama, kada a sallame shi sai an kawo Baba a kekensa ya shiga wurin yadda ya saba. Ki durƙusa da tocila ki ga ko wani abu yana taɓa ƙafarsa, ki shafa tafin hannunki a duk inda ƙwaurinsa zai iya kaiwa, sannan ki sa mai aikin ya nuna miki yadda ake zare hular bawul da yadda ake cire murfin a mayar, ki gwada da kanki sau ɗaya yana tsaye. Da dare kuma, idan ana shirya Baba kwanciya, a riƙa duba ƙafafunsa gaba da baya a cikin haske.